An naɗa ni shugaban sashe, amma ba ni da ta cewa

Assalamu alaikum. Ni malamin Fiziks ne a wata makarantar sakandare ta gwamnati, shekarata tara ina koyarwa. A farkon shekarar karatun nan firinsifal ya kira ni ofis ya ce daga yau ni ne shugaban sashen kimiyya. Da baki ya faɗa, babu takarda. Mu tara ne a sashen, har da masu yi wa ƙasa hidima biyu. Malamin Kemistiri na 'yan SS3 dattijo ne, shi ya koyar da ni a sakandare, yana mataki na 14 ni kuwa ina na 10. Bai taɓa kawo min shirin darasinsa ba, yakan bar aji babu kowa, ga shi mun shiga zango na biyu ɗalibai 120 ba su taɓa riƙe buret ba, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni da famfo da ake auna ruwan sinadari da shi. Shi kuma firinsifal yana canza jadawali, yana ba malaman sashena izinin tafiya ban sani ba, amma a taron malamai ya ce in sakamakon WAEC ya lalace ni zai riƙe. In ajiye muƙamin ne, ko in rubuta ƙorafi zuwa ofishin shiyya?

Wani malami

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ajiye muƙamin yanzu, kada kuma ka rubuta wa ofishin shiyya. Ko wanne ka yi a cikinsu, yaran nan 120 za su wayi gari a watan Mayu ba su san yadda ake cika buret ba, kuma su ne abin tausayi a wasiƙarka. Ga wani abu kuma: a aikin gwamnati takardar ma'aikaci ta hannun shugabansa take bi. In ka tsallake shi, abin da aka saba shi ne a dawo da ita teburinsa a ce ya yi bayani. Ranar nan za a tambaye ka takardar naɗinka, ba ka da ita. A tambaye ka ranakun da aji ya zauna babu malami, ba ka rubuta ba. Kai za a kalla a matsayin mai neman rigima, alhali kai ke da gaskiya.

Mu fara da sanin inda hurumin kowa ya tsaya, domin rabin damuwarka daga nan ta taso. Firinsifal shi ne wanda ma'aikatar ilimi ko hukumar makarantun sakandare ta sani. Shi ke amsa tambaya kan kuɗi, da ladabtar da ma'aikata, da rajistar WAEC da NECO, da hulɗa da ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC. Mataimakinsa mai kula da harkar karatu shi ke riƙe da jadawali da jarrabawar zango da kundin maki. Shugaban sashe kuwa aikinsa abin da ke faruwa a cikin aji ne: wa ke koyar da me, an kai ina a manhaja, tambayoyin jarrabawa sun yi daidai da abin da aka koyar ko ba su yi ba, me ya ƙare a ɗakin gwaje-gwaje. Ba ka ɗaukar malami, ba ka canza masa wurin aiki, ba ka taɓa albashinsa. Ƙarfin da ke hannunka aro ne daga ofishin firinsifal, sai kuma wanda za ka tara wa kanka ta hanyar sanin halin da sashen ke ciki fiye da kowa. Na farkon sai ka roƙa. Na biyun ba ka buƙatar izinin kowa.

Fara da na biyun, ka ba shi mako guda kafin ka je wurin kowa. Abubuwa uku za ka jera a tebur: tsarin koyarwa na zango, wanda malamai ke kira sikim, littafin da malami ke rubuta abin da ya koyar a kowane mako, da littattafan rubutun ɗalibai. Na ukun ne ba ya ƙarya. Shiga aji lokacin hutun tara ka karɓi littafi uku, ɗaya daga layin gaba, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga can baya kusa da taga. Buɗe shafin ƙarshe da aka yi rubutu ka duba kwanan wata da kan darasi. In littafin malami ya ce an gama batu na shida, littafin yaro kuwa ya tsaya a na uku tun mako uku da suka wuce, ka san inda aka kwana. Ka yi wa kowane darasi haka, har da Fiziks ɗinka, kada ya zama Kemistiri kaɗai aka sa wa ido. Kuma kada ka tsaya kana tambayar yara ko malam wane ya shigo jiya. Da zarar ɗalibai sun gane ana amfani da su wajen bin diddigin malami, sun raina shi ke nan, kuma ba za ka iya mayar da wannan ba.

Daga nan sai lissafi. Zango a takarda kusan mako goma sha uku ne, amma ka cire makon dawowa da yara ke shigowa tsilli-tsilli, ka cire hutun tsakiyar zango, ka cire makon bita da makonnin jarrabawa. Abin da ya rage na koyarwa da ƙyar ya wuce tara ko goma. 'Yan SS3 nasu ma ya fi ƙunci, domin jarrabawar gwaji ta ci wani abu daga zango na biyu, zango na uku kuwa kusan babu shi, WAEC ta shigo, NECO na biye da ita a Yuni da Yuli. Mu ce mako takwas ya rage, Kemistiri kuma na da darasi huɗu na minti arba'in a mako. Darasi talatin da biyu ke nan. In batutuwan da suka rage goma sha ɗaya ne, kowanne bai samu darasi uku cikakku ba, ba a ma sa aikin ɗakin gwaji a lissafin ba. Irin wannan adadi shi ne abin da za ka shiga da shi ofishin firinsifal. Ka kuma ƙirga darussan kowane malami a mako. Sau da yawa a nan ake gano cewa wani na ɗauke da ashirin da takwas, wani kuma goma, kuma mai ashirin da takwas ɗin shi ake ta zargi da rashin shiga aji.

Kafin firinsifal, ka bi ta wurin mataimakinsa na karatu. Shi ne maigidanka na kusa, kuma in ka tsallake shi ka yi masa abin da kake kuka an yi maka. Nuna masa shafin lissafinka, ka roƙe shi ya raka ka.

Lokacin zuwa yana da muhimmanci. Safiyar Litinin ofishin firinsifal cike yake da iyaye da masu makara da takardu daga ma'aikata, ba zai saurare ka da kunne biyu ba. Ka bari sai bayan an tashi, ko bayan azahar ranar da babu baƙi. Kada ka shiga da maganar an raina ka. Shiga da abin da ke tsorata shi, wato masu duba makarantu su faɗo ba zato su tarar da aji babu malami, ko sakamako ya fito a kira shi ma'aikata. Kana iya cewa: "Ranka ya daɗe, na duba inda muka kwana a sashen kimiyya, ga shi a shafi ɗaya. Akwai abu uku da in ka taimake ni da su zan iya riƙe maka wannan ɓangaren." Na ɗaya, takardar naɗi mai ɗauke da ayyukanka, kwafi a fayil ɗinka, a kuma sanar a taron malamai. Na biyu, duk malamin sashen da ke neman izinin tafiya ya fara biyowa ta wurinka, ka rubuta wanda zai riƙe masa aji, sannan takardar ta je a sa hannu. Lura, ba ka nemi ikon ba da izini ba, wannan nasa ne. Ka nemi sanin wa zai tsaya a gaban yara ne kawai. Na uku, in za a taɓa jadawalin kimiyya a sanar da kai ko da kwana ɗaya kafin nan, saboda darasin ɗakin gwaji yana son darasi biyu a jere, kuma in aka raba su aikin ya mutu.

Yawancin shugabannin makaranta da ke tsallake shugabannin sashe ba da mugunta suke yi ba. Malami ne ya tare shi a baranda ya ce matarsa na asibiti, shi kuma ya ce Allah ya sawwaƙe, je ka. Bai tsaya tunanin cewa aji uku za su zauna haka ba. In ka ba shi hanyar da za ta rage masa wannan nauyin, da wuya ya ƙi. Abin da ya faɗa a taro kuwa, cewa kai zai riƙe, bai kyauta ba, domin ba a ɗora wa mutum alhakin abin da ba a damƙa masa linzaminsa ba. Amma kada ka tayar da maganar. Takardar naɗin ita ce amsarta.

Yanzu ga babban al'amarin, wato malaminka. A nan ne za ka fi buƙatar natsuwa. Mutumin da ya riƙe maka alli, yana sama da kai a mataki, aka wayi gari an ce ɗalibinsa ne zai duba masa shirin darasi da jan biro: ko bai faɗa ba, abin ya taɓa shi. Wataƙila ma ba a tuntuɓe shi ba kafin a naɗa ka. Ruwa ba ya tsami banza. Yana iya yiwuwa ciwo ne, ko ido ya fara ba shi wahala wajen karanta ma'aunin buret, ko wata hidima ce a waje ke cinye masa safiya, ko kuma ya gaji da rubuta buƙatar sinadarai shekara da shekaru ba a saya ba har ya saki. Kowanne da maganinsa daban, kuma ba za ka san wanne ba ne sai ka zauna da shi.

Kada zaman ya kasance a ofishin malamai, kada kuma ka aika a kira shi. Je ka same shi, in da hali har gida, ranar Asabar bayan la'asar, kamar yadda ɗalibi ke zuwa gaida malaminsa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan ba wada ba ne, uba ne. Bayan gaisuwa ka ce masa: "Malam, an ɗora min kayan da ya fi ƙarfina, na zo neman shawara. Ga abin da ya rage wa yaranmu, ga makonnin da suka rage. Yaya kake ganin za mu yi?" Ka miƙa masa shafin ka yi shiru. Malamin da ya shekara ashirin da wani abu yana koyar da Kemistiri ya fi ka sanin batutuwan da ba sa wuce jarrabawa ba su fito ba, da waɗanda za a iya taƙaitawa. Bar shi ya tsara da hannunsa. Abin da mutum ya tsara da kansa yana jin kunyar saɓa shi.

Sannan ka rage masa kaya ta hanyar da ba za ta zama cin fuska ba. In cikin masu yi wa ƙasa hidimar nan akwai wanda ya karanta Kemistiri ko abin da ya yi kusa da shi, haɗa su: shi Malam ya riƙe koyarwa da jagorancin aikin gwaji, yaron ya riƙe shirya kaya da duba aikin gida da rubuta maki. Amma kada ka damƙa wa mai hidimar ƙasa ajin SS3 shi kaɗai. Shekara ɗaya zai yi, yana iya kammalawa ana tsakiyar zango, kuma da yawansu ba su karanci koyarwa ba. Ka kuma roƙi Malam ya zama shi ne mai tantance tambayoyin jarrabawar sashen gaba ɗaya. Aiki ne na gaske, yana buƙatar gogewa, kuma yana mayar masa da girmansa a idon sauran.

Maganar shirin darasi kuwa, mai da ita dokar kowa, ka fara da kanka. A taron sashe a amince cewa kowa zai ajiye na mako mai zuwa ranar Alhamis, a karɓa ranar Juma'a kafin a tashi, naka kuma ka kai wa mataimakin shugaban makaranta a gaban kowa. In kana dubawa, abu huɗu ne abin nema: batun ya dace da makon da ke cikin sikim, an faɗi abin da yaro zai iya yi a ƙarshen darasin, akwai misali ko kayan aiki, akwai tambayoyin auna fahimta. Sa hannu ba tare da karantawa ba shi ya mayar da wannan aiki wasan yara a makarantu da yawa, har malami ya kwafi na shekara biyar da suka wuce ya canza kwanan wata kawai. Ga dattijo irin Malam, shafi ɗaya mai ɗauke da waɗannan huɗun ya wadatar. In ka ga gyara, faɗa masa da baki.

In mako uku sun wuce ba a ga canji ba, sai rubutu. Ba kai za ka ba shi takardar tuhuma ba, domin a al'adar aiki, na ƙasa ba ya tuhumar na sama da shi a mataki. Naka shi ne rahoto zuwa ga mataimakin shugaba: ranar kaza, darasi na uku da na huɗu, SS3B, babu malami, an tsaya a batu kaza, sikim na cewa kaza. Kada ka sa kalma ɗaya ta siffanta halinsa. Kuma ka gaya masa da bakinka kafin takardar ta tafi, kada ya ji a bakin wani.

Aikin ɗakin gwaji ba zai jira duk wannan ba, makon nan za a fara. Jarrabawar aikin hannu ta Kemistiri a WAEC tana da auna asid da alkali (sinadarin da ke kashe kaifin asid) da buret, tana da gano sinadarai ta hanyar gwaji, sai 'yan tambayoyi kan aikin ɗakin gwaji. Shiga sito da littafi ka ƙirga: buret nawa ne ba sa yoyo, fifet (siririn bututun gilashi na ɗibar ruwa daidai ma'auni) nawa ne bakinsu bai karye ba, kwalaben gwaji nawa, akwai ruwan da aka tace, akwai takardar litmos ta gane asid da alkali, sinadaran nuna canjin launi sun lalace ko suna nan. Cika kowace buret da ruwa ka bar ta minti goma, mai yoyo za ta nuna kanta. In ka samu goma masu kyau, yara huɗu a kowace ɗaya, arba'in ke nan a zama guda, zama uku ya ɗauke 120. Kowane yaro sai ya riƙe famfon da hannunsa, ya kawo idonsa daidai da saman ruwan ya karanta, ya rubuta adadi da lamba biyu bayan ɗigo, ya maimaita har ya samu karatu biyu da suka yi kusa da juna. Wanda ya tsaya kallo daga baya bai koyi komai ba, kuma a rukunin da ya wuce mutum biyar kullum akwai masu kallo. Malami ne zai surka asid da kansa, a zuba asid cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. A nemi robar zuƙo ruwa ta fifet, kada a bar yara suna zuƙa da baki.

Buƙatar kuɗi ka rubuta ta da adadi da farashin da ka tambayo a kasuwa, ka raba gida biyu: abin da in babu shi ba za a yi aikin ba, da abin da zai iya jira. Firinsifal zai fi iya kai takarda irin wannan gaban ƙungiyar iyaye da malamai fiye da "muna buƙatar kayan kimiyya". Kuskuren da ake yawan yi shi ne a zauna sai WAEC ta aiko da jerin abin da za a tanada dab da jarrabawa, sannan a ruga kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ya fara ganin buret ranar jarrabawa hannunsa rawa zai yi, ya wuce inda launi ya canza bai lura ba.

Akwai abin da dole mu faɗa, tunda an ce kai za a riƙe. In lokaci ya matso, za a samu mai raɗa maka cewa a "taimaka" wa yara a ɗakin jarrabawa. Kada ka kusanci wannan. WAEC na riƙe sakamako, tana soke shi, tana kuma janye amincewarta daga makaranta in ta kama, kuma sunan malamin da ke wurin ne ke shiga rahoto. Haka makin gwaje-gwajen zango da makaranta ke tura wa hukumar na shekarun SS1 zuwa SS3: ka tabbata na gaske ne, akwai takardun da suka fito daga ciki.

Nemi sakamakon bara da na bara waccan daga ofishin jarrabawa, ka fitar da na kowane darasi: nawa suka zauna, nawa suka samu A1 zuwa C6, nawa D7 da E8, nawa F9. Ka haɗa da rahotonka na farko. Da haka kowa ya san inda ka tarar da sashen, kuma in an zo auna ka akwai ma'auni. Daga nan duk ƙarshen wata ka kai shafi ɗaya ta hannun mataimakin shugaba, ka riƙe kwafin da aka sa wa hannu. Ka kuma nemi rahoton manyan masu duba jarrabawa da WAEC ke fitarwa kan kowane darasi, ku karanta na Kemistiri da Fiziks da Bayoloji a taron sashe, domin yana faɗin wuraren da ɗalibai ke yawan zubar da maki. Taro uku a zango sun isa, farko da tsakiya da ƙarshe, kowanne kada ya wuce minti arba'in, wani ya rubuta abin da aka yanke da wanda zai yi.

Idan za ku raba azuzuwan shekara mai zuwa, kada ka tattara gogaggun malamai a SS3 ka bar SS1 ga sababbi. Yaron da bai iya daidaita lissafin sinadarai a SS1 ba, babu malamin da zai gyara shi a mako takwas.

In ka yi duk wannan har ƙarshen zango, firinsifal ya ƙi ba da takarda, ya ci gaba da sallamar malamai ba ka sani ba, to kana da damar sauka. Amma ka bari yaran su gama jarrabawa tukuna. Sannan ka rubuta gajeriyar takarda cikin ladabi ta hannun mataimakin shugaba, ka gode, ka nemi a sauke maka nauyin, ka haɗa fayil ɗin sashen da lissafin kayan ɗakin gwaji da kwafin rahotanninka ka miƙa wa wanda zai gaje ka, ya sa hannu ya karɓa.